Kuncin Hagu

"Ɗaga girarki," in ji likita. "Duka biyun. Yauwa. Yanzu runtse ido da ƙarfi, kamar sabulu zai shiga."

Malama ta runtse. Idon dama ya rufe ruf, na hagu ya bar 'yar kafa, farin idon yana leƙowa. Likitar ta ce ta hura kumatu, ta hura, iskar ta sulale ta gefen baki da wata 'yar ƙara. Sai ta ce ta yi murmushi.

Mijinta, mai hoto, yana zaune a kujerar bayan ƙofa, jakar hannunta a cinyarsa. Shekara ashirin da biyu ke nan yana ba mutane irin wannan umarni a shagonsa, ɗaga haɓa, sauke kafaɗa, murmushi kaɗan, har 'yan layin suka laƙaba masa suna Murmushi-kaɗan. Bai taɓa jin kalmar ta yi masa nauyi a kunne kamar yau ba. Malama ta yi murmushin. Gefen dama ya tafi inda ya saba zuwa, na hagu ya taso kamar zai bi shi, ya tsaya a hanya.

Likitar ta koma mazauninta ta jawo fayil. Ba mace ce mai kwana-kwana ba, kuma daga yadda ta cire tabarau ta ajiye a kan tebur mai hoto ya san takardar ba ta zo da alheri ba. Ta ce sakamakon ɗan naman da aka tsotso da allura makon jiya ya fito. Ƙarin da ke ƙasan kunnen Malama ya tsiro ne daga naman da ke yin yawu, kuma yawancin ƙarin da ke fitowa a wurin ba su da wata illa, a cire su a manta. Wannan ba ya cikinsu. Ciwon daji ne, irin wanda ba kasafai ake gani ba, ita kanta a duk shekarun da ta yi tana aiki waɗanda suka biyo ta hannunta ba su kai goma ba.

Malama ta ambaci Allah a hankali, ta gyara zama. Shekara goma sha tara tana koyar da 'yan aji huɗu, ta saba jin abu ta haɗiye shi kafin fuskarta ta nuna. Mai hoto kuwa sai da ya cafke jakar da ta nemi zamewa daga cinyarsa.

Likitar ta ware yatsunta biyar ta ɗora tafin hannu a kuncinta, daga kunne zuwa hanci. Ta ce haka jijiyar da ke motsa fuska take kwance, ta ratsa ta tsakiyar naman yawun ta rabu gida biyar, ɗaya ta ɗaga gira, ɗaya ta rufe ido, sauran su riƙe kunci da leɓe. Ƙarin ya riga ya kama jijiyar, shi ya sa ruwa ke zubowa in Malama tana kurkure baki. Za a yi tiyata a cire naman gaba ɗaya, kuma da wuya jijiyar ta tsira. Za su ɗauko wata 'yar jijiya daga ƙafa su yi ƙoƙarin haɗawa, wataƙila bayan watanni fuskar ta ɗan motsa, amma kada ta sa rai ta koma kamar da. Bayan ciwon ya warke sai gashi da na'ura, mako shida, kuma bakinta zai riƙa bushewa.

"Likita, da na zo da wuri fa?" Malama ta tambaya.

"Ba zan rantse miki ba. Amma ƙarami ya fi daɗin cirewa, kuma yakan bar mana jijiyar."

Daga nan ta zo kan abin da ke damunta. 'Yan ɗakin gwaji sun tabbatar ciwon daji ne, amma ɗan naman da allura ta samo bai isa su raba tsakanin iri biyu ba. Akwai mai rarrafe, ya yi shekaru yana bin jijiya a hankali. Akwai mai gudu, wanda cikin 'yan watanni yake tsallakawa kaluluwar wuya. Aikin da za a yi wa wannan daban, na wancan daban, inda za a yanka da iyakar abin da za a cire. Gobe da ƙarfe takwas likitoci za su zauna a kan fayil ɗinta, saboda haka tana son sanin gaskiyar lokacin da ƙarin ya fara.

Malama ta ce wata huɗu ke nan da ta fara jin zogi. Da farko an ce hangum ne, aka yi ta yi mata dariya a ɗakin malamai, wai ciwon yara ya kama uwar yara. Daga baya aka ce haƙori ne, ta je aka cire mata turmi guda lafiyayye, zogin bai fasa ba. Likitar ta girgiza kai, ta ce zogi daban, kumburi daban, tana da tsofaffin hotuna?

Nan fuskar Malama ta ɗan saki, karo na farko tun safe. Ta ce ai an zo wurin, maigidanta mai hoto ne, duk fitilar da ya saya ko labulen baya da ya canza, ita ce ke fara zama a gwada. Ta karɓi jakarta ta ciro waya, ta miƙa tana nunawa, wannan na bara, wannan na bariya, wannan wata biyar da suka wuce. Likitar ta mai da tabarau, ta buɗa hoto da yatsu biyu, ta matsa na gaba, ta sake buɗawa. A kowanne kuncin Malama sumul yake, ba tudu ba inuwa. Ta daɗe a kan na wata biyar ɗin, ta ce in haka ne, daga babu zuwa wannan girma cikin wata biyar, to mai gudun ne, sai an buɗe har wuya. Amma hoton da na'urarsu ta ɗauka bai yi mata kama da haka ba.

Sai ta ɗago ta dubi mai hoto ta saman tabarau. Kallon bai wuce ƙiftawa uku ba, amma ya ji shi har tafin ƙafarsa.

"Malam, kai ka ɗauki waɗannan?"

"Ni ne."

"In akwai wasu, ko na asali yadda suka fito daga kyamara, a kawo mini kafin takwas na safe. Wuƙa za mu sa bisa abin da muka sani."

Ya ce to.

A ƙofar asibiti suka rabu. Malama ta ce za ta biya makaranta ta kai takardar hutu, ta miƙa wa wata malama takardun jarrabawar yara da ba ta gama dubawa ba, in ya so ta same shi a shago da la'asar. Ya ce bari ya raka ta, ta ce ciwon a kunci yake ba a ƙafa ba. Haka take, ko gini ya faɗo mata sai ta nemi abin tsokana a ciki. Ya tsaya yana kallonta har ta shiga mota, ta zauna ta gefen taga, kuncin hagun yana waje.

Bas ɗin da ya shiga a cike take, wani ya ɗora masa kwali a gwiwa bai ma ce a ɗauke ba. Mutane suna ta musu da kwandasta a kan wurin tsayawa, shi kuwa yana can shekara uku baya.

Ranar ya sayo sababbin fitilu masu farar lema, Malama ta zauna masa gwaji kamar kullum. Da ya buɗe hoton a kwamfuta sai ya ga hasken gefe ya jefa 'yar inuwa a ƙasan kunnenta na hagu, wani ɗan tudu da bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Kafin kansa ya yi tunani hannunsa ya gama aiki, shafa biyu, wurin ya koma sumul. Abin da yake yi ke nan daga safe zuwa yamma, ya goge ƙuraje, ya sassauta tamoji, ya ɓatar da tabo. Alfaharinsa a duniya shi ne ba wanda ke fita daga shagonsa da aibu, har mutane kan ce in kana son ganin yadda ya kamata a ce kake, je wurin Murmushi-kaɗan. To balle matarsa.

Bayan wata shida tudun ya kai dabino, ya sake gogewa. Daga nan ya koyi zaunar da ita a karkace, ki ɗan juya, ba ni kuncin dama, ya kuma rage fitilar hagu. Ya ce wa kansa kitse ne, ya ce kwanciyar gefe ɗaya ce, ya ce in ya faɗa hankalinta zai tashi a banza. Gaskiyar da bai taɓa faɗa wa kowa ba ita ce tsoron asibiti yake yi, tun ranar da mahaifiyarsa ta shiga da ƙafarta aka fito da ita a kwance. A ganinsa ciwo ba ya zama ciwo sai likita ya kira sunansa.

Duk wannan da sauƙi in aka gwada da safiyar nan ta bara. Tana gaban madubi tana ɗaura ɗankwali, sai ta tsaya, ta taɓa ƙasan kunnenta, ta ce, Baban Auta, kamar nan ya fi nan tudu ko? Maimakon ya ce e, sai ya ciro waya ya nuna mata hoton da ya ɗauke ta makon da ya wuce, ya ce ina tudu a nan, idonki ne ke miki gizo. Ta duba, ta yi dariya, ta ce tunda kai ba ka gani ba to babu, wa ya kai ka ganin aibun fuska. Ta ƙarasa ɗaurinta ta tafi makaranta. Yanzu a cikin bas ɗin nan dariyar ce ke dawo masa, kuma ya tsani kansa tsana mai tsanani.

Ya sauka ya bi layin shagonsa da ƙafa. Tela maƙwabcinsa ya ɗago daga keke ya tambayi mai jiki, ya ce da sauƙi, ya wuce. A tagar shagonsa babban hoton Malama ne a cikin firam, na bariya, rana ta ɗan cinye launinsa. Da shi yake jawo masu wucewa. Ya buɗe ƙofa bai dube shi ba.

Bai gama ɗaga labule ba wani direban babbar mota ya shigo, ƙato mai fara'a, yana son fasfo na sabunta lasisi. Ya zauna a kan kujerar ɗaukar hoto ta yi ƙara, ya ce a yi masa gata a goge baƙin tabon nan na gefen hancinsa, matarsa ta ce kullum ƙara faɗi yake. Mai hoto ya leƙa ta kyamara, ya ɗago, ya sake leƙawa. Ya tambaye shi ko ya taɓa nuna wa likita. Direban ya ce shi hoto ya zo yi, in asibiti yake so ya san hanya. Mai hoto ya ce zai ɗauke shi amma ba zai goge ba. Mutumin ya dube shi sama da ƙasa, ya ce ashe abin da ake faɗa a kansa ƙarin gishiri ne, ya tashi ya fice yana mita. Da a wata rana ce da mai hoto ya bi shi da ban haƙuri har bakin titi. Yau sai ya tura ƙofa ya zauna gaban kwamfuta.

Wanda ya koya masa sana'a tun zamanin fim ya hore shi da abu guda, kada ka taɓa yar da na asali, ko ka wanke hoto sau ɗari. Saboda haka akwai wata ma'ajiya a kwamfutar da ya sa wa suna Ɗanye, inda kowane hoto yake kwance yadda ya fito daga kyamara, da ranarsa da watansa. Shekara uku bai buɗe na Malama ba sai don ya ɗauko ya gyara. Yau ya jera su ɗaya bayan ɗaya, guda goma sha ɗaya, ya sa kowane ɗanye kusa da gyararrensa.

Bai taɓa ganinsu a jere ba. A sahun ƙasa mace ce da shekaru ba sa taɓa ta, a sahun sama kuwa abin yana girma a hankali, daga gyaɗa zuwa dabino zuwa rabin ƙwai. A na takwas ma ya ga abin da bai lura da shi ba a lokacin, ko kuma ya lura ya kau da kai, gefen leɓenta na hagu ya ɗan sauka, shi kuma a gyararren ya ɗaga mata shi daidai da na dama. Ya yi aikin da kyau ƙwarai, ko shi da ya yi sai ya ƙura ido yake gane wurin. Ya dafe kai ya yi kuka, irin kukan manya da ba ya fitar da sauti.

Da ya natsu ya kwafe ɗanyun a filash, ya sa a aljihun gaba. Dabara ta zo masa a shirye kamar dama tana jiransa. Gobe ya yi sammako shi kaɗai, ya miƙa wa nas ɗin da ke ƙofar likita, ya ce a ba ta. Likitoci su sami abin da suke nema, a yi aikin da ya dace, Malama kuma ba sai ta sani ba. Likitar ba ta yi kama da mai tona asiri ba, da tana so da ta yi tun ɗazu. Me zai sa a ƙara wa mara lafiya baƙin ciki? Ya juya maganar ta kowane gefe, ta yi masa kyau, kuma ya gane muryar da ke raya masa ita. Ita ce dai wadda ta ce masa kitse ne.

La'asar ta yi, ya yi salla a bayan labule, ya dawo ya zauna. Hotunan suna nan a jere a allo. Can ya jiyo muryarta a waje tana amsa gaisuwar tela, tana ce masa jiki ya yi sauƙi sai godiya. Yatsansa yana kan maɓallin kashe allon. Ya ji takunta a dakali, ya ji ta taɓa ƙofa. Ya janye hannun ya sa a cinya.

Ta shigo da sallama, da wata babbar ambulan a hammata. Ta ce shagon ya yi duhu kamar ba kowa.

"Zauna nan, Malama," ya ce, ya tashi ya ba ta kujerarsa. "Akwai abin da zan nuna miki."

Ta zauna, ta ciro tabaran karatunta ta sa, ta matso kamar za ta duba aikin gida. Bai yi mata bayani ba, ba a buƙata. Ta fara daga na farko, ta dubi sama ta dubi ƙasa, ta karanta kwanan watan da ke gefe. Ta ce wannan ai kafin 'yarsu Auta ta tafi jami'a ne. Ya ce e. Ta bi su ɗaya ɗaya ba gaggawa, yana tsaye a bayanta yana jin ƙarar fanka da keken tela ta bango. A kan na tara ta tsaya, mai shuɗin ɗankwali.

"Wannan ka nuna mini ranar da na tambaye ka a gaban madubi."

"Shi ne."

"Ka gani ke nan a lokacin."

"Na gani. Tun na farko na gani."

"Me ya sa?"

"Tsoro na ji, Malama."

"Ni ma tsoron na ji," ta ce. "Shi ya sa na tambaye ka."

Da ta yi masa ihu ko ta jefe shi da wani abu da ya fi masa sauƙi, amma ba halinta ba ne. Ta cire tabarau, ta goge idon hagu da gefen mayafi, don shi yanzu ko ba kuka yakan zubar da ruwa. Sannan ta buɗe ambulan ɗin ta zaro wani hoto mai faɗi ta ɗora a kan tebur.

Hoton malaman makarantarsu ne na shekara biyu da suka wuce, sahu uku a gaban ofis. Wani mai hoton kan titi ne ya ɗauka, aikin ko oho, hasken ya yi yawa, kan mutum biyu ya yanke. Malama tana ƙarshen sahun tsakiya, ta juya tana yi wa ta kusa da ita magana, kuma ga tudun nan a ƙasan kunnenta, ƙarara, ko yaro zai nuna shi. Ta ce da ta shiga kai takardar hutu idonta ya faɗa kansa a bangon ofishin hedimasta. Shekara biyu tana wuce shi kullum ba ta taɓa tsayawa ba, don me za ta dubi wannan alhali tana da masu kyau a gida. Ta ce ka ga wanda bai san ni ba, bai damu da ni ba, shi ya bar ni yadda nake.

"Tun daga makaranta nake addu'a a mota," ta ce. "Ba a kan ciwon ba. Cewa nake Allah Ya sa ka faɗa mini da kanka. Da na shigo na tarar ka kashe allon nan, da ba da kai zan je asibiti gobe ba."

Ya durƙusa a gefen kujerar, ya ce ta yafe masa. Ta ce ba yau ba, ba ta iya ba tukuna, kada ya roƙe ta abin da za ta ba shi da baki kawai. Ta ce ya tashi, tela zai iya leƙowa. Ya tashi, ya ciro filash ɗin daga aljihu ya miƙa mata. Ta karɓa ta sa a ƙaramin zif na jakarta, inda take ajiye katin asibiti.

Ya ɗauka tafiya za ta yi. Sai ya ga ta miƙe ta nufi kujerar ɗaukar hoto, ta zauna a gaban farin labule, ta gyara ɗankwalinta, ta tura mayafin baya yadda kunnuwa za su fito. Ta ce dole a gaya wa Auta a daren nan ko gobe, kuma yarinyar za ta ce a turo mata hoto ta gani. Ban da haka ma, tana son ta ajiye fuskar nan kafin a shiga da ita tiyata, ko yaya take.

Ya kunna fitilun, lemomin suka yi fari. Ya ɗora kyamarar a kan sandarta mai ƙafa uku. Ya sunkuya ya leƙa, bakinsa ya riga shi.

"Ɗan juya, ba ni kuncin da..."

Ya haɗiye sauran. Ta dube shi ta cikin gilashin kyamarar, sannan ta juya a hankali ta ɗaya gefen, ta ba fitila kuncin hagu. Ta ce ya ƙara hasken wannan ɓangaren, ta lura kullum a rage yake. Ya je ya murɗa, inuwar ƙarin ta fito sosai a wuyanta. Ya koma bayan kyamara ya tsaya, idonsa ya cika har ba ya ganin ta daidai.

"Ba ka faɗi abin da ka saba faɗa ba," ta ce.

"Murmushi kaɗan," ya ce da ƙyar.

Ta yi, iyakar abin da fuskar ta yarda. Ya danna.

Da ya zauna gaban kwamfuta ta zo ta tsaya a kansa, hannu a baya, yadda take tsayawa a kan ɗalibi ranar jarrabawa. Hoton ya buɗe. Ya ji yatsunsa suna ƙaiƙayi, sun san inda za su fara, shafa biyu a nan, ɗagawa kaɗan a can. Ya tura shi injin wanke hoto yadda yake. Suka tsaya suna jin injin yana ja, har takardar ta fito da ɗuminta.

Ta ɗauka ta kai bakin ƙofa inda sauran hasken rana yake, kusa da babban hotonta na taga. Ta sa tabarau ta daɗe tana kallo, ta kai yatsa ta taɓa wurin a takarda, sannan ta taɓa shi a jikinta.

"Ashe haka nake," ta ce.

Ta sa shi cikin ambulan tare da na makaranta, ta ce ya kashe fitilun ya rufe shago, gobe da sammako za su fita.